Yaya Asabe da Dutsen da Ba Ya Niƙa

Duk gidan da Yaya Asabe ta shiga, kun sani, dutsen niƙa take fara gaisarwa kafin masu gida. Ta tsuguna, ta shafa shi, ta taɓe baki. "Ya yi santsi. Matar gidan nan barci take yi." Sai ta kwance bakin zani ta fito da makoɗinta, ta hau koɗa dutsen mutane ba wanda ya sa ta. Har a gidan biki ta yi a garinsu Toranke, ana guɗa tana ƙwas-ƙwas a bayan rumbu.

Shekarar da Malam ya rasu, bayan na fita takaba, ɗana Sani ya gyara min gida a nan Gaya, ya sa aka kafa min kantar dutse a kicin, giranit suke ce masa, baƙi wuluk mai sheƙi. Ni ko kallonsa ban yi ba. Girki ya fita raina, ci ma haka. Sani ya ce in dai haka zan zauna ni kaɗai ina ramewa, zai ɗauke ni ya kai ni gidansa a Kano. Ni da na binne miji a Gaya, me zan je yi a saman bene?

Sai ga Yaya a bayan mashin. 'Yar wan babana ce, ba ta neman izini. Kai tsaye kicin ta nufa.

"Innalillahi! Hajara, wane azzalumi ne ya sayar wa yaron nan mataccen dutse? Ko barkono ba zai niƙa ba!"

Kafin in laluba takalmi na ji ƙwas! Na ruga na riƙe hannunta, amma ta riga ta ɓantare gefe.

"Yaya, ba na niƙa ba ne!"

"To na mene ne?"

"Na ɗora kwanuka."

"Dutse guda, don kwano? Allah ya shirya 'ya'yan yanzu!"

Da wanda ya kafa shi ya zo duba ɓarnar, ya jero mana dokoki: ban da lemon tsami, kada manja ya kwana a kai, kada a kankare da soson ƙarfe, sai ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Yaya ta saurara har ƙarshe.

"Au, ashe mara lafiya ne! To ba a barin mara lafiya a hannun Hajara."

Ranar ta aika Toranke aka kawo mata ƙunshin kayanta.

Wayyo, mun ga jinya! Maƙwabciyata ta shigo za ta yanka lemo a kai, Yaya ta bi ta da muciya har zaure. Tukunya mai zafi sai an shimfiɗa mata faifai. Da guntayen sabulun da take tsinta take wanke shi, ta goge da tsohon ɗankwalina, wanda ban ce na gama da shi ba.

Kullum kuma sai ta tashe ni. "Ɗora tuwo, dutsen nan sanyi yake ji."

"Yaya, dutse ne fa."

"Ba ya magana ne kawai. Tashi!"

In na tuƙa, ta zauna gabana, idonta a kan hannuna har sai na ga gindin kwano. Ni da nake sa wa mutane ido, aka sa min.

Da Sallah Sani ya zo. Ya dube ni, ya ga kumatu sun dawo. Ya dubi gefen kanta.

"Inna Asabe, wa ya fasa nan?"

"Haka suka kawo maka shi. Ka riƙa duba kaya kafin ka karɓa."

Ya yi dariya har da hawaye. Maganar Kano kuwa bai sake tayar da ita ba.

A ɗakina ta cika, da daminar bara. Ga ni a gidan Malam har yau, ina ci ina sha, albarkacinta. Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya makwancinta, kada ya bar ta ita kaɗai kamar yadda ba ta bar ni ba. Amin.