Ganyen Kankana a Kan Ginshiƙin Rumawa

Duk wanda ya bi ta bayan masallacin Ƙiblatain a Madina zai ga gidajen nan masu fararen ginshiƙai, da ganyayyaki a nannaɗe a kansu. Alhazanmu har tsayawa suke yi su ɗauki hoto, ka ji suna cewa, "Kai, Turawa sun iya aiki!" Wane Bature? Barau ne, mutumin birnin Zariya, ɗan shekara hamsin da takwas, mai farin gemu da ba a sanin inda furfura ta tsaya farin ƙurar jibis ya ɗora. In ya wuce su da ledar burodinsa, ko sallamarsa ba kowa ke amsawa ba.

Uban Barau magini ne, irin masu yi wa fuskar zaure zayyana da hannu tun laka na ɗanya. A gindinsa Barau ya koyi abu guda: hannu ya riga bushewa, in ka tsaya tunani laka ta gama nata. Da siminti ya kashe sana'ar, ya yi buga-bugarsa har Allah Ya kawo shi Madina da igamar lebura, wato takardar izinin zama. Shekara ashirin da biyu ke nan. Matarsa Tasallah da 'ya'ya biyar suna gida, yana zuwa musu duk bayan shekara biyu.

Ɗaukar bokiti ya fara yi wa wani mu'allimi, wato ubangidan sana'a, ɗan Halab ta ƙasar Sham, mai aikin jibis, farar ƙasar nan da ake yi wa gidaje ado da ita. Wata rana mu'allimin ya tarar da shi yana zane da yatsa a ragowar kwaɓi. Ya tsaya ya duba, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa masa.

"Amud Rumani," in ji shi. "Ginshiƙin Rumawa. Yi mini irin kansa mu gani."

Takardar an yi ta juya ta a injin kwafi har hoton ya zama dabbare-dabbaren baƙi. Ana dai ganin ganye ne mai tsage-tsage, bakinsa ya lanƙwasa. Barau ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. A duniya ganye ɗaya ya sani mai wannan tsagar: na kankana, irin wadda kawunsa ke nomawa a fadama. Sai ya sassaƙa abin da ya sani. Mu'allimi ya ɗaga kai daga ƙasa ya ce, "Tamam."

Daga ranar bai ƙara ɗaukar bokiti ba. Ya yi wa gidaje ginshiƙai a Ƙiblatain, ya yi a hanyar Ƙuba, ya yi a ɗakunan biki, shi kansa bai san adadinsu ba. Mu'allimin ya koma ƙasarsu, sharika, wato kamfanin da yake wa aiki, ta canza hannu, Barau na nan a kan sagala, katakon nan da ma'aikata ke takawa su kai sama. Kuma ya zauna da iliminsa daram. In ana shan shayi sai ya ce, "Rumawan nan manoman kankana ne. Mutum ba ya ɗora abu a kan gidansa sai abin da ke ciyar da shi." Ba wanda ya taɓa musa masa, don babu wanda ya sani.

Bara sai ɗan mai sharika ya karɓi ragama, ya kawo galib daga Jidda, wato mazubin roba. A zuba jibis, a jira, a ɓare, ga kan ginshiƙi ya fito. Abin da Barau ke kwana uku a kai, galib ya yi shi kafin azahar. Aka ce masu aikin hannu sun yi yawa, a ƙarshen Rajab za a sabunta wa wasu igama, sauran a buga musu fita. Haka kawai, kamar ana rage tsofaffin bokitai! Igamar Barau a Rajab ɗin za ta ƙare, kuma ya san wanda ya fita a shekarunsa ba ya dawowa. Wa zai ɗauko tsoho daga Zariya? Ga ƙaramar 'yarsa ba ta gama makaranta ba. Ga Madina, wadda bai taɓa zaton zai bar ta da ƙafarsa ba.

Wanda aka ba rubuta sunayen shi ne injiniyan sharika, Muhandis Suhaib. Haifaffen Madina ne, kakansa Bakatsine. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ba mugu ba ne. Yaro ne dai da aka ba alƙalami, yana tsoron a ce ya yi son kai.

A lokacin suna aikin gidan wani dattijo, Abdallah, manomin dabino daga Badar. 'Ya'yansa sun kai shi da matarsa yawo Jodan, matar ta ga kufan Rumawa a Jarash ta ce ita ma irin su take so. Ginshiƙai takwas aka tsara. Shida na gefe galib ya gama da su. Biyun bakin ƙofa kuwa dattijo ya sa an ƙara musu kauri, galib ya ƙi shiga. A kawo sabo sai an yi wata guda.

"Ya Ammi Barau," wato baffa, in ji Suhaib, yana kallon wayarsa, "za ka iya da hannu?"

"Da me nake yi kafin a haifi robarku?"

Kwana uku ya yi a kan na dama. Ashafa, sa'ansa mutumin Damagaram, yana kwaɓa masa yana miƙawa. Barau bai yi zane ba, bai auna ganye ba. Ya manna jibis, ya bi shi da 'yar wuƙa da babban yatsa, ya tsaga, ya lanƙwasa baki kafin ya daskare. Ya san a kan abin da yake aiki, don haka ya zuba duk abin da hannunsa ya sani.

Ranar Laraba da hantsi Suhaib ya yi abin da babu muhandisin da ya taɓa yi a shekara ashirin da biyu: ya hau sagala. Ya kara wayarsa kusa da aikin, da hoton da mai gida ya ɗauko a Jarash. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Esh hada, ya Ammi? Wannan ganyen mene ne?"

"Ganyen Rumawa mana. Kankana."

"Kankana?"

"To, da na mene ne?"

Suhaib ya buɗe hoton da yatsu biyu ya miƙa masa. Barau ya ciro tabarau. Karon farko ke nan da ya ga abin tas, don na galib haushi bai taɓa barin sa ya duba ba. Ganyen dogo ne, mai jijiya a tsaye, kowace tsaga da tsini kamar mashi. Nasa kuwa bakinsa a zagaye yake, mai laushi.

"Akantus ake ce masa," in ji Suhaib. "Wata ƙaya ce da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Ba a noma ta ma."

Ashafa ya ajiye bokiti, ya riƙe ciki don dariya. "Wayyo manoman kankana! Malam Barau, ashe gonarka ce ka shuka wa Larabawa a ka? Shekara ashirin, ko ƙwallo ɗaya ba ta yi ba!"

Barau ya miƙa wa Suhaib wayarsa. Gidajen ne suka riƙa zuwar masa a ido ɗaya bayan ɗaya, duk da ganyen kawunsa a kai. Kunya ta rufe shi har ƙeya.

"Gobe mai gida zai zo," in ji Suhaib. "Ka fasa yau. Zan ce ba mu fara ba, mu jira galib. Ba wanda zai ji daga bakina."

Taimako yake nufi, Barau ya gane. Amma ya kuma gane in aka jira galib, to babu abin da za a nuna da sunansa a Rajab.

"Muhandis, tsaya. Su Rumawan a ina suka samo ƙayar?"

"Wurin Girkawa. Su suka fara sassaƙa ta."

"Iri ɗaya sak?"

Suhaib ya sa wayarsa a aljihu. Ya karanta abin a jami'a, bai taɓa zaton a kan sagala za a yi masa jarrabawa ba. "La', a'a. Rumawa sun ƙara mata kauri da ado. Bayansu magina na Ƙusɗanɗiniya suka mai da ita kamar saƙa. Har a tsofaffin masallatan Sham akwai ta."

"Ashe kowa da hannunsa."

"Ya Ammi, su sun san abin da suke canzawa. Kai kuskure ka yi."

"Kuskure na yi, ban musa ba. Amma ba zan fasa a ɓoye ba. Mai gida ya gani, in faɗa masa da bakina. In ya ce a fasa, da hannuna zan fasa."

"In ya kai ƙara sharika fa? Ka san abin da ke gabanka."

"Na sani, ɗana."

Washegari dattijo ya iso da sandarsa da tabarau mai kauri. Barau ya tare shi da Larabcinsa na wurin aiki, mai karyayyen baya. Ya ce, ya shaiba, wato dattijo, ka biya a yi maka ganyen Rumawa, ni kuwa abin da na yi ba shi ba ne, jiya na sani. Abdallah ya miƙa wa Ashafa sanda, ya taka matakala uku, Suhaib na riƙe da rigarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya bi bakin ganye ɗaya.

"Habhab," in ji shi. Haka mutanen Hijaz ke kiran kankana. "Wallahi habhab ne! Kai manomi ne?"

"Kawuna ne manomi."

"Shi ya sa. Manomi ba zai manta da igiyar ba. Ina 'yar igiyar nan da take kama ƙasa da ita? Kuma wannan na ƙasan ya yi faɗi, kamar an cika masa ruwa."

"A fadama take, ya shaiba."

"Mu a wadi, cikin kwari, muke shuka ta bayan ruwa ya wuce, ubana bai taɓa ba ta ko kofi ɗaya ba. Ganyenta ƙanana, amma zaƙi!" Ya juya wurin Suhaib. "Su waɗancan shidan, ganyen mene ne?"

Suhaib ya yi bayani.

"Ƙaya? Na tafi har Jodan na ɗauko ciyawar da ko raƙumi sai ya yi shawara?" Ya sauko yana haki. "Ku bar su, na uwar 'ya'ya ne, ita ta ce Rum take so, ba na neman fitina. Amma ƙofa tawa ce. Na hagun ma habhab za a yi, na wadi, da igiyarsa. Wannan kuma a ƙara masa igiya. In kun gama akwai majalisar baƙi da nake ginawa a gona a Badar. Wannan tsohon nake so, kada a turo mini roba."

Kada wani ya ce sharika ta yi adalci. Mutum huɗu aka buga wa fita a Rajab, cikinsu har da wanda ya fi Barau iya furen rufi, ba wanda ya hau sagala ya duba nasa. Aikin Badar suka hango, shi ke nan.

Ana saura kwana shida igamar ta ƙare, Barau na can sama yana murɗa igiyar kankana siririya kamar tsinken ashana, Suhaib ya tsaya a ƙasa ya yi gyaran murya. Da Hausa ya yi magana, Hausar da ta sha Larabci har ta ƙoshi.

"Baba Barau. Igama naka ya fito. Shekara ɗaya."

"Igama taka," in ji Ashafa. "Jikan Katsinawa, ka ba mu kunya."

Barau ya ce alhamdu lillahi sau uku. Ya goge hannu a riga, ya kira Tasallah tun yana sama.

"Ki fasa gyaran ɗakin. Ba na zuwa bana sai hutu."

"To, madalla," in ji ta. "Ni dama na ce ko korar ka suka yi, a bakin iyaka za ka tsuguna. Ka ci abinci?"

"Zan ci. Bari in kira ki an jima, jibis na bushewa."