Honarabul Mai Goyon Baya

Tun safe ina zaune a benen 'yan kallo na majalisar dokoki, ina jiran ƙudurin gyaran gadar garinmu da ruwa ya cinye. A layin gaba akwai wani Honarabul mai tumbi, wayoyi uku a gabansa, tabarau a goshi. Takardun da aka raba masa, fifita yake yi da su.

Ban san mazaɓarsa ba, amma ina jin tunda aka haife shi bai taɓa yi wa kowa musu ba. Kowa ya gama magana sai ya miƙe ya gyara riga: "Mai girma Kakaki, na goyi baya."

Aka karanta ƙudurinmu, ya goyi baya. Har na fara hamdala. Shugaban masu rinjaye ya ce a jingine maganar sai bayan hutu, bawan Allah ya sake miƙewa, ya goyi baya.

Na tare shi a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, gadar nan fa? Damina ta kusa."

"Haba Baba, ai ka ji da kunnenka na goyi baya."

"Na ji, ɗana. Har sau biyu."

Ya ji daɗi, ya ce ba komai, aikinsu ne.