Baba Gide, Mai Sharar Marmaron Mabai

Da an sallame sallar asuba, Baba Gide kan saɓa fartanya ya nufi gindin dutsen da ke yamma da Mabai, inda wani marmaro mai ɗumi ke ɓulɓulowa. Ya kwashe ganye da kashin awaki, ya yashe rairayi, ya gyara duwatsun da ake takawa. Ba wanda ya sa shi, ya dai tarar mahaifinsa na yi.

A nan Maguzawan yankin ke wanka kowace kaka, kafin su hau dutsen su gai da kakanninsu. A wurinsu, wanda bai yi wankan ba, ba shi ba hawa. Baba Gide ya musulunta tun yana saurayi, bai ƙara hawa ba, amma bai bar sharar ba.

Shekarar da kuɗin fetur ya kwashe samari zuwa Kaduna aikin gini, aka bar Baba Barau, wani tsohon Bamaguje makaho, ba mai kai shi marmaron. Matarsa Asibi, wadda ta ba ni labarin, ta je ta sami Baba Gide.

"Malam, tsohon nan ya ƙi tuwo. Ya ce in bai yi wankan bana ba, da wace fuska zai tarar da iyayensa?"

Baba Gide ya je ya goyo shi. Hanyar kuwa ta ƙofar masallaci ta bi, inda wani Malam Lawwali ke zaune.

"Gide, ka koma jakin Maguzawa ke nan? To, kada mu ƙara ganinka a sahun gaba."

Baba Gide ya wuce abinsa. Daga bayansa tsohon ya ce, "Sannu-sannu, Gide, ba buhun dawa ka ɗauko ba."

"Buhun dawa ya fi ka nauyi, Baba, kuma ba ya surutu."

Ya zaunar da shi cikin ruwan, ya cuɗa masa baya, ya miƙa shi ga 'yan'uwansa a gindin dutse, ya juyo gida. Da azahar ya tsaya can sahun ƙarshe. Liman ya kira shi ya tambaye shi abin da ya yi.

"Wanka na yi mashi, Malam. Hawan nasu ne."

Liman ya ce ya koma wurinsa a sahun gaba. Malam Lawwali kam har yau gaisuwarsu daga nesa ce. Baba Barau ya rasu kafin damina, hankalinsa kwance.

Yanzu gwiwa ta hana ka saukowa marmaro, Baba Gide. Kai ne ka riƙe addininka, ba ka yar da tsohon unguwarku ba. Mun gode, Allah ya saka maka.

Mu kuma, kowa ya duba maƙwabtansa. Akwai tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni, yana zaune ƙofar gida yana jiran wanda zai duƙa masa.