Shekaru Tara da Na Ɓoye a Katin Awo

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da wata nas ta kama ni da ƙaryar shekaru a layin awon ciki.

Ni tela ce a Anguwan Rogo. 'Ya'yana huɗu duk a ɗaki na haife su a hannun ungozoma, na biyar ɗin ma haka na shirya. Awon kansa don maigida ya matsa ne na je. Da aka zo rubuta kati aka tambayi shekaruna, ga yara sa'o'in 'yata ta fari jere a benci, sai kunya ta kama ni na ce talatin da biyu. Alhali arba'in da ɗaya nake.

Ashe nas ɗin tsohuwar kwastomata ce daga Anguwan Rukuba. Ta ɗago kai ta sauke tabarau, ta ce da irin Hausarta mai ce wa mace "kai": "Madam, kai ne talatin da biyu? Kai da ka ɗinka min kayan aure, yanzu yarona yana jami'a?" Matan layi suka kwashe da dariya. Na ji kamar in nutse a ƙasa, na ƙudura a raina ko maɓalli ba zan ƙara ɗinka mata ba.

Ta gyara katin, ta kai ni wurin likita da kanta. Ya ce a shekaruna akwai gwajin da ya kamata a yi: za a ɗebi jinina a hannu, domin akwai ɓurɓushin ƙwayoyin halittar jaririn a ciki, ba sai an taɓa cikin ba. Na ce ni ban taɓa jin an duba lafiyar ɗa a hannun uwa ba. Maigida ya baro rumfarsa a kasuwar Katako, da garin katako a kafaɗa, ya saurara ya ce a ɗiba. Aka aika jinin Legas.

Bayan sati biyu likita ya zaunar da mu. Ya ce ba tabbas ba ne, amma akwai alama mai ƙarfi cewa yarinyar za ta zo da lalurar Down, mai sa jinkirin girma da koyo. Na yi kuka a keke napep har gida, na kuma ji haushin nas ɗin, kamar ita ta jawo.

Saboda wannan sakamakon aka riƙa yi min hoton ciki akai-akai. A wata na bakwai aka gano hanjin yarinyar a toshe yake. Likita ya ce, "Hajiya, wannan ba haihuwar ɗaki ba ce." A asibiti na haihu, washegari aka yi mata aiki. Da a gida ne, da ta yi ta amai muna ɗura mata jiƙo muna cewa ciwon jarirai ne, kafin suna mun rasa ta.

Yanzu shekarunta shida, alhamdulillahi. Magana tana mata wuya, amma duk wanda ya shigo shagona sai ta rungume shi. Nas ɗin kuwa kowace Kirsimeti ni ke mata ɗinki, da ta shigo sai ta ce, "Ina madam talatin da biyu?"

Abin da na koya shi ne, kunyar minti ɗaya ta kusa raba ni da 'yata. In malaman asibiti suka tambaye ki shekarunki, ki faɗa musu duka, ko da layi zai yi dariya.