Ranar da Kalanguna Ya Kira Mahauci a Ma'adi

Shekara biyu na yi a unguwar Hayyus Sabi' ta Alƙahira ina gaya wa abokan karatuna cewa babana ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ce zalla ba, don a kasuwa yake wuni. Makaɗin mahauta ne. Shi ke tsayawa bakin rumfar fawa da kalangu, yana sanar da gari an yi yanka, yana kaɗa wa kowane mahauci takensa. Ni kuwa karatun fiƙihu ya kawo ni Masar, inda ko mai sayar da wake ya shaikh yake ce min. Na ƙudura a raina ba mai kirana ɗan makaɗa a ƙasar nan.

Ranar da zan taso, tsohon nawa ya cusa min ƙaramin kalangu a akwati ban sani ba. Sai da na sauka na gan shi tsakanin jallabiya da ƙullin yaji. Haushi ya kama ni. Na naɗe shi da bargo na tura can ƙarƙashin gado.

Hannuna ne ya tona min asiri. Wata rana 'yan ɗakinmu sun tafi darasi, na ce bari in duba ko sanyi ya fasa fatar. Daga dubawa na saƙala shi a hammata. Ban yi minti biyar ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinmu ne na ƙasa, wani Bamisire mai gashi har kafaɗa, wanda ke kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗan rok.

"Ya shaikh," ya ce, "wace ganga ce wannan mai magana kamar mutum?"

Mako uku yana tare ni a matakala. Ban yarda ba sai da ya rantse min wasan a wani lambu ne can unguwar Ma'adi, ranar Juma'a bayan la'asar, inda ƙafar ɗalibi ba ta zuwa. Na tambaye shi yaushe za mu yi gwaji, ya yi dariya. Wai ba gwaji. A tsakiyar wasa sukan saki waƙar, kowa ya kaɗa abin da ya zo masa, sauran su bi shi.

"To ni me zan ce?"

"Ba abin da za ka ce. Kaɗawa kawai za ka yi."

Wannan magana ta ɗaure min kai. A gidanmu ba a dukan kalangu a banza. Ko kana kiran wani, ko kana yabonsa, ko kana yi masa habaici. Ka hau kiɗa ba da kowa kake ba? Ai sai a ce ka sami taɓin hankali. Amma na riga na ce to.

Ranar na sa baƙin tabarau da hular hana sallah a kan jallabiyata, wai don kada a gane ni. Suka fara. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har a haƙorana nake jin ta. Mai gangunansu yana jibgarsu kamar ya kama ɓarawo, samari a ƙasa suna ta wurgi da gashi. Ni ina gefe a tsaye, ina istigfari a zuci.

Can sai waƙar ta watse. Maƙwabcina ya sa jitarsa ta yi ta kuka, ya gaji, ya juyo ya ɗaga min gira. Kaina ya ɗauke ɗif. Na ɗaga gula ban san me zan yi ba, sai hannu ya kama hanyar gida da kansa. Kiran yanka na kaɗa, wanda babana ke buɗe kasuwa da shi.

Maƙwabcina ya saurara, ya maimaita da jita. Na ƙara, ya ƙara. Mai ganguna ya shigo. Bawan Allah bai san cewa da jitarsa mai tsada yake shelanta wa Alƙahira an yanka bijimi mai kitse, kowa ya zo da kwanonsa ba. Jama'a kuwa sai tsalle suke a kan wannan albishir. Daɗi ya kwashe ni, ba zan ɓoye ba, na zarce da taken manyan mahauta.

A nan na yi kuskure. Take ba a kaɗa shi sai in ana so mai shi ya taso.

Daga can bayan lambun, inda masu abinci ke hayaƙi, na ga taro yana darewa. Wani dattijo ne da farin rawani irin na Sudan, wuƙa a hannun dama, faranti cike da agashe a hagu. Agashe shi ne tsiren Hausawan Sudan. Masu tsaro suka ɗauka cikin shirin ne, har ɗaya ya kama masa hannu ya hau dandamali. Ya ɗaga wuƙa sama, ya ɓarke da kirari da Hausa tsantsa.

Maƙwabcina ya matso, idonsa a kan wuƙar. "Tamam?" ya tambaya, wato ko lafiya.

"Tamam. Kada ka tsaya."

Dattijon ya yi abin da kowane mahauci ke yi wa makaɗinsa. Ya damƙo nama ya cusa min a aljihun jallabiya, mai da ƙuli duk a jiki. Ya dubi mai jita, ya ga shi ma ya yi aiki, hannuwansa kuma ba sarari, sai ya tura masa tsinke guda a baki. Haka ya ci gaba da kiɗa da tsire a baki, wuri ya kaure da ihu.

Sai na hango waɗanda suka biyo farantin har gaban dandamali. 'Yan ɗakinmu ne su uku, har da mai ja mana sallah. Ashe bitar karatun da suke cewa suna zuwa duk Juma'a, layin agashe ne, kuma ba su taɓa gayyatata ba. Suna tsaye baki buɗe. Tabarau bai hana su gane jallabiyar da suke gani a igiyar shanya kullum ba.

Dattijon ya fizgi makirufo. "Rabona da jin wannan kiɗa tun mahaifina na da rai," ya ce. "Ɗana, wannan hannu ba na koyo ba ne, na gado ne. Ɗan gidan wa kake?"

Ya kara min makirufo a baki. Kiɗa ya yi ƙasa. Da na ce a waya na koya, da an wuce wurin. Amma hawaye na bin gemun mutumin, kuma kunyar kaina ta kama ni. Na cire tabarau.

"Babana makaɗin mahauta ne. Shi ya koya min."

Misirawa ba su gane ko kalma ɗaya ba, suka tafa kamar su tsage hannu.

Mota ɗaya muka shiga ni da 'yan ɗakinmu, har muka kusa gida. Mai ja mana sallah ya yi gyaran murya, na shirya jin wa'azi. Ya ce, "Akhi, da ka faɗa tuntuni ai da mun huta da bin layi." Ya miƙo hannu, muka cinye abin da ke aljihuna.

Washegari na tura wa ƙanwata bidiyon wasan da aka ɗauka ta nuna wa tsohon, sannan na kira shi.

"Ka yi gaggawa wajen juyi," ya ce. "Su wa ye waɗannan masu gashin?"

"Maƙwabta ne, Baba."

"Mahaucin ya ba ka nama?"

"Ya ba ni."

"To kiɗa ya yi."

Sannan ya ce, a hankali, "Na ɗauka tun a filin jirgi ka jefar da kalangun."