Gidan da na saya wa Inna a unguwar maƙeran tagulla

Assalamu alaikum. Kafin in fara, ya kamata in faɗi cewa wasu abubuwan sun soma dushewa a kaina. Mai yiwuwa in sa na gaba a baya, ko in ɗora wa wani maganar da ba shi ya yi ta ba. Amma gundarin labarin ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aiki a wani ofis a Wagadugu. Ni irin matan nan ce da idan sun kulle ƙofa sai sun dawo sun taɓa kwaɗon. Ina ganin hakan ya samo asali ne daga ƙuruciyata. A Zangwetin, tsohuwar unguwar Zango ta birnin, aka haife ni, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, aka rushe unguwar, na ga ɗakin da nake kwana ya zama tarin ƙasa. Ba a jima ba mahaifinmu ya rasu, muka koma haya a unguwar Tampuy, daga wannan gida zuwa wancan. Na tashi da buri guda, in saya wa Inna gidan da babu mai zuwa ya ce ta tashi.

Inna ita ce mai wankan gawar mata a Zango. Ko bayan da aka tarwatsa mu, duk inda wata 'yar Zango ta cika, ita ake aika wa. Tana da kwandonta mai ƙwarya da sabulu da kafur da busasshen ganyen magarya, kullum a shirye. Tana kuma da aminiya tun suna 'yan mata, wadda nake kira Goggo, tsohuwar mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Rood Woko, gidanta ba nisa da namu. Su biyun sun daɗe da yin alkawari cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta, ba wata ba. Har wasa suke yi da maganar. Goggo takan ce hannun Inna kamar na mai dirzar tukunya, don haka idan ranar ta zo ta bi ta a hankali. Inna kuma ta ce da wannan jiki na Goggo sai an tanadi ganga guda ta ruwa, kuma ita ba za ta juya ta ita kaɗai ba. Su yi ta dariya har Goggo ta share hawaye da bakin gyale.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani ƙaramin gari a bakin kwalta, da ɗan nisa daga birni. Ta ce maƙeran tagulla da masu sassaƙa dutse da masaƙa da masu zane suna ta komawa can saboda tsadar haya, har sun kafa unguwa guda ta rumfunan aikinsu, baƙi na zuwa kallo da sayayya. Ta ce gidajen wurin ba su yi tsada ba tukuna, amma za su yi. Na je na gani, na sake komawa, na kuma komawa. Na sami wani gida mai ɗakuna madaidaita da bishiyar mangwaro a tsakar gida, katangarsa haɗe da rumfar wani maƙerin tagulla. Babu abin da ban bincika ba. Na tabbatar filin yana cikin waɗanda hukuma ta yanka, na tambaya ko akwai shirin fitar da hanya ta wurin, na je da damina don in ga inda ruwa ke kwanciya, na duba famfo, na ga akwai masallaci kusa. A ganina ban bar wata kafa ba.

Da Goggo ta ji, ta kira ni ta ce wato zan ɗauke mata mai wankanta in kai ta garin gumaka. Ta ce in sani fa gawa ba ta jiran mota. Na ce mata ai akwai waya, akwai kwalta, tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Ta dube ni ta ce 'yan boko komai a wurinsu kusa ne. Inna kuwa albarka kawai ta sa mini. Yanzu nake tunanin wataƙila ta ga irin wahalar da na sha ne, ta ji nauyin ta ce a'a. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ba zan yi wa mutanen garin ƙarya ba, sun riƙe mu da mutunci. Maƙerin nan yakan kira Inna Yaaba, wato kaka da Mosanci, matarsa kuma takan aiko mata da zom-kom, abin shan nan na garin gero, mai sanyi. Abin da Inna ta roƙa kawai shi ne a ɗaura zana a kan katanga, don kada ta idar da salla ta yi ido huɗu da matan tagullar da yake jerawa a rana. Shi ma da dariya ya ɗaura mata da kansa. Unguwar ta ci gaba kamar yadda aka ce, an buɗe wuraren cin abinci, an shafe bangaye da zane. Ni ina fita da safe zuwa birni ina dawowa da yamma, ina jin daɗin cewa na yi dabara. Ban lura da wuri ba cewa Inna takan wuni ba ta yi Hausa da kowa ba sai na dawo. Da farko ana kiranta wanka, ta je ta tarar an gama. Daga baya aka daina kira. Kwandon ya koma saman kabad.

Ranar da Goggo ta rasu, da damina ne, ina jin ranar aiki ce don ina ofis. Ta cika da hantsi. 'Yarta ta kira wayar Inna ba a ɗauka ba, ƙarar guduma ta hana ta ji, sai ta kira ni. Ta ce mahaifiyarsu ta bar wasiyya kada kowa ya taɓa ta sai Inna, kuma za su jira iya ƙoƙarinsu. Na kira maƙerin na ce ya shiga ya gaya mata. Ba a jima ba ya sake kirana, ya ce Yaaba ta riga ta sauko da kwandonta ta yafa mayafi, shi kuma ya fito da babur, zai kawo ta yanzu. A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa a raina. Na ce masa a'a. Na ce Inna ta tsufa, hanya da santsi, ga manyan motoci, kada a je a yi rashi biyu. Na ce su jira ni in samo mota. Ya ce ya saba da hanyar, a hankali zai tuƙa. Ina jin muryar Inna a bayansa tana cewa a gaya wa yarinyar nan ta hau babur tun ba a haife ta ba. Na dage. Suka jira ni.

Kafin in samu mota, in fita daga cunkoson birni, in wuce shingayen bincike, in ɗauko ta mu juyo, azahar ta wuce. Liman ya ce ba za a ci gaba da ajiye baiwar Allah ba, kuma gaskiyarsa ne. Wasu mata suka yi wankan. Muna shiga layin, maza na dawowa daga maƙabarta. Inna ta tsaya a bakin zaure riƙe da kwandonta. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi matan ko sun bi ta a hankali, don ba ta son a dirje ta. Shi ke nan abin da ta tambaya.

Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma da ta yi, ina jin da ya fi mini sauƙi. Ta dai rage magana, ta rage ci. Na ce mu sa gidan a kasuwa mu koma Tampuy, ta ce wurin wa. Wata ranar Lahadi bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron, ta ce in ɗauko kwandon. Ta kwanta ta miƙe ƙafafu, ta rufa da zane, ta ce tunda a nan babu wadda za a kira, ni zan koya. Na ce Inna don Allah ki bari. Ta ce in daina ɓata mata lokaci, in naɗe hannuna da ƙyalle, in fara da alwala, sannan ɓangaren dama. Ina yi tana gyara mini, tana cewa ba haka ake ɗaga kai ba, kuma kada zanen ya zame. A bayan katanga ana ta bugun tagulla. Da muka gama ta tashi zaune ta ce ba laifi, hannuna ya fi nata taushi, da Goggo ta samu irinsa da ba ta yi ƙorafi ba.

Ba ta ga wata daminar ba. Ni na wanke ta, matar maƙerin tana zuba mini ruwa. Tsofaffin Zango da suka taso daga birni sun iso an riga an sa ta a likkafani.

Har yanzu ina cikin gidan. Ana cewa darajarsa ta ƙaru, kuma babu wanda ya zo ya ce in tashi. Ba zan ce kowa ya guji irin waɗannan unguwanni ba, ban da ilimin da zan yanke wannan hukunci, mutanensu kuma ba su yi mini komai ba sai alheri. Abin da na fahimta, in ma na fahimta daidai, shi ne na tambayi hukuma, na tambayi masu fili, na tambayi maƙwabta, ban tambayi wadda na saya wa gidan ba. Duk mai shirin ɗauke tsohuwarsa ko tsohonsa zuwa wuri mai kyau, ina roƙonsa ya fara zama ya tambaye su wa ke kiransu, su kuma wa za su kira, kuma ko za a iso a kan lokaci. Idan sun yi shiru, kada ya ɗauka sun yarda.

Akwai waɗanda suka halarci abubuwan nan, a Tampuy da can garin. Idan wani ya karanta ya ga na kuskure, don Allah ya aiko da gyara ta hannun mujallar nan. Musamman matan da suka wanke Goggo. Ranar sun amsa wa Inna, amma ina tsaye a baya ina kuka, ban ji abin da suka ce ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.