Motocin sulken Alhasan sun koma tebur

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhasan makwancinsa a Dakoro. Tare muka koyar a koleji, shi lissafi, ni tarihi, amma ba aikin ne ya ƙulla mu ba. Wani wasan yaƙi ne da ya koyo a Yamai, wanda ake jera ƙananan sojoji a kan tebur, wai suna faɗa a wata duniya can bayan taurari. Ana jefa ƙwayar ludo, ana auna tafiya da metir na tela.

Kayan wasan ba a sayar da su a nan, sai ya ƙera nasa. Gwangwanin sardin ya zama mota mai sulke da ke ɗaukar soja, murfin kwalba ya zama taya. Dokar wasan ta ce mutum goma mota ke ɗauka. Alhasan ya ce bai taɓa ganin motar da ta bar tashar Dakoro samanta babu kowa ba. Ya yi mata kariya ta ɗaukar kaya a bisa, ya ɗora mutum shida da bidon ruwa, wato jarka. Da an fara harbi, su nake fara kwashewa. Sai ya kama kai ya yi salati, kashegari kuma ya sake lodi. Taurin kai irin nasa ban sake gani ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Da ya rasu iyalinsa suka ba ni akwatin kayan wasan. Na sa masa kwaɗo na tura ƙarƙashin gado. Tsoro nake ko taya ɗaya ta ɓalle, domin hannun da zai gyara ya tafi. Abokan wasanmu suka yi ta roƙo, na hana, har suka daina zuwa. Ina ganin amana nake riƙewa, ashe wasan nake kashewa.

Nakan ce da yana nan, me zai ce da yau? Motocin sulke na gaske suna ratsa gari, kuma na san ba zai yi murna da su ba. Shi yaƙin da yake so shi ne wanda in an gama, a tattara matattu a mayar akwati a sha shayi.

Watan jiya 'yarsa Hadiza, wadda yanzu take koyarwa a Sabon Maci, ta zo gaishe ni. Ta nemi akwatin, na fara kame-kame.

"Baba, don mi ka kulle su?" ta ce. "Ai ba don a aje su yaƙ ƙera su ba."

"In sun lalace hwa, ɗiyata?"

"Sai mu gyara. Ni nika riƙe mai almakashi."

Na buɗe, raina ba ya so. Muka kira tsoffin abokai biyu, muka shimfiɗa tebur a inuwa bayan la'asar. Ba a yi zagaye uku ba ƙofar wata mota ta cire a hannuna. Hadiza ta karɓa, ta yanko sabon gwangwani, ta lanƙwasa, ta maƙala. Ƙofar ta ɗan karkace, launinta ma daban, amma tana rufuwa.

Allah ya jiƙanka, Alhasan, ka yafe mini shekara bakwai da na tsare maka motoci. Akwatin ya tafi Sabon Maci, kuma na ji malamai biyu a can sun fara cin sardin fiye da ƙima.